Ƙofar Da Ta Hana Ɓarawo Shiga, Za Ta Bar Ka Ka Fita?

A taron wata-wata na ƙungiya da aka yi a Agege, an nemi ɗaya daga cikin dattawanmu, wanda ya daɗe yana sana'ar walda a nan Ikko, ya yi wa jama'a bayani a kan yadda iyali za su kuɓuta idan gobara ta tashi a gida. Ga abin da ya ce, kamar yadda aka ɗauko shi, da ɗan gyara kaɗan.





Ranar da sakatare ya same ni a shago ya ce ni zan yi magana yau, na ce masa ai ni ba malami ba ne, ba kuma ɗan kwana-kwana ba ne, mai walda ne. Ya ce ai shi ya sa aka zo wurina. Na kuwa gane nufinsa. Ƙarafan da ke jikin tagogin unguwar nan, da yawansu in ba ni na haɗa ba, to yaran da na koya wa aiki ne suka haɗa. Saboda haka abin da zan faɗa, ni ya fara shafa kafin kowa. A yi haƙuri da ni idan harshe ya karkace.

Shekarun baya, cikin hunturu, wajen ƙarfe biyu na dare, na ji ana dukan ƙofata kamar za a ɓalla ta. Ana cewa, "Baba mai walda, fito da zarto, wuta a bayan layi!" Na fito daga ni sai singileti. Gidan irin namu ne na haya, ɗakuna goma sha biyu, shida nan shida nan suna kallon juna, da faseji ɗaya a tsakiya, irin wanda mutanen gari ke kira fes-mi-ai-fes-yu. Wutar daga bakin faseji ta tashi, inda wani ya jingine babur kusa da jarkar man janareta. Waɗanda suka farka da wuri suka ratsa suka fice. Ƙofar baya kuwa, tun tuni mai gidan ya toshe ta da bulo don ya ƙara ɗakin haya. Sai wata baiwar Allah a ɗakin ƙarshe, ita da 'ya'yanta uku, mijinta ya tafi Arewa sarin kaya. Ta kama ƙarfen taga da hannu biyu, tana jijjigawa tana salati.

Wannan ƙarfe ni na haɗa shi. Na shaida shi sarai, domin ranar da na kafa shi har cika baki na yi wa mijin, na ce masa ko ɓarawo ya zo da kakansa ba zai cire wannan ba. Injin yankan ƙarfe yana shago, kuma ko yana hannuna ba shi da amfani, tun da an riga an katse lantarki. Na sa zarto. Jama'a, ban gama yanke rodi ɗaya ba hayaƙi ya cika ɗakin, muka daina jin kukan yaran. Daga ƙarshe da guduma samari suka farfasa bulon da ke riƙe da firam ɗin, muka fizge shi gaba ɗaya. Uwar da yara biyu Allah ya yi musu sauran kwana. Ƙaramin, ɗan shekara uku, ni aka miƙo wa shi ta tagar. Wallahi ko tabon ƙuna babu a jikinsa, ko rigarsa wuta ba ta taɓa ba. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Tun daga wannan dare na riƙa bin 'yan kwana-kwana ina tambayarsu, kuma abin da ban iya karantawa ba 'ya'yana suna karanta mini. Abin da na fara koya shi ne, mu duk tsoron harshen wuta muke yi, alhali kuwa akasarin waɗanda gobara ke kashewa a gida hayaƙi ne ke kashe su. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba, irin wadda janareta ke fitarwa, ba ta da launi ba ta da wari. Idan katifar soso ko kujerar kushin ko leda ta kama, sai wata gubar ta daɗu a kai. Mutum yana barci yana shaƙa, maimakon warin ya tashe shi, sai barcin ya ƙara nauyi. Wanda ya farka kuma, shaƙa kaɗan ta isa ta juya masa kai, har ya kasa gane ƙofar ɗakin da ya shekara ashirin a cikinsa. Ga duhu kuma. A fim za ka ga gobara da haske ko'ina. Ta gaskiya baƙa ce ƙirin, tafin hannunka ma ba ka gani.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar gidan talaka ce. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a benen Afriland da ke Broad Street a cikin Ikko. Daga ɗakin batura na ƙarƙashin ginin ta fara, mutum 10 suka rasu, ma'aikatan ofis da rana tsaka, kuma hayaƙin da ya bi ya cika hawan sama shi ya fi yin ɓarnar.

Sa'an nan ga lokaci. Akwai wata cibiyar gwaje-gwaje a Amurka mai suna UL, sun gina ɗakuna sun cinna musu wuta don su auna. Suka ce a da, zamanin kayan katako da auduga, mutum yakan sami kamar minti 17 ya fita, amma da kayan ɗaki irin na yanzu abin ya dawo minti 3 ko ƙasa da haka. Ku dubi ɗakunanmu mana. Katifa soso, labule roba, kafet roba, silin ma yanzu roba, ga kwanukan roba an jera har sama. Watau a minti uku ɗin nan muke. To a minti uku, cikin duhu, kana tari, yara na kuka, ba a lokacin za ka fara tunanin inda ka ajiye makulli ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in fara da ɓangarena. Ban zo in ce kowa ya je ya cire ƙarfen tagarsa ba. Wanda ya zauna a Ikko ya san abin da ya sa muka sa su, kuma wanda 'yan fashi suka taɓa kwana a gidansa ba zai saurare ni ba idan na ce haka. Abin da nake cewa, kowane ɗakin da ake kwana a cikinsa ya kasance yana da mafita biyu. Ƙofa ɗaya ce, taga ita ce ta biyu. A cikin ƙarfen tagar nan a yanke wani sashe, a yi masa hinji, ya riƙa buɗewa waje kamar ƙyaure. A sa masa sakata daga ciki, a rufe bayan sakatar da farantin ƙarfe yadda hannu daga waje ba zai kai gare ta ba. Idan hankalinka bai kwanta da sakata ba sai ka sa kwaɗo, to makullin ya kasance a rataye a ƙusa a bangon ɗakin, nesa da inda za a iya zuro hannu ko waya a ɗauka, kuma kada a haɗa shi da sauran makullan da kake yawo da su a aljihu. Shi wannan ba ya fita daga ɗakin har abada.

Faɗin wurin kuma, a auna shi da wanda ya fi kowa jiki a gidan. In Hajiya ce, to da Hajiya za a auna, ba da yaron da ake aike ba. Kuna dariya, amma na ga tagar da aka yi wa ƙofa wadda ko akuya sai ta yi da gaske za ta wuce. Wani abu kuma, iskar Ikko danshi gare ta, tana cin ƙarfe. Kwaɗon da ka rufe ka manta da shi damina biyu, ranar da ka neme shi ba zai amsa ba. Duk wata a buɗe shi, a ɗiga masa mai, a mayar. Masu fenti ma sukan shafe hinjin da sakatar su liƙe, a lura da su.

Na san tambayar da ke ran wasu: to ai mun buɗe wa ɓarawo hanya ke nan. A iya shekarun da na yi ina wannan aiki, ɓarawon gidan haya ta ƙofa ya fi shigowa, ko ta silin, ko ya sa a buɗe masa da bakin bindiga. Ƙyauren da aka yi da rodi mai kauri, aka ɓoye sakatarsa, ƙarfinsa bai gaza na sauran tagar ba. Kuma ko da ya gaza kaɗan, ɓarawo talabijin zai ɗauka ya bar maka 'ya'yanka. Idan gidan haya ne, a je wa mai gida ko wakilinsa da maganar cikin lalama. Wanda ke neman sabon ɗaki kuwa, kafin ya tambayi ruwa da bayan gida, ya fara tambaya ina ƙofar baya.

Yanzu sai maganar da ta fi damuna, watau kulle mutane daga waje. Muna yin wannan kullum ba mu ɗauke shi komai ba. Maigida zai fita sallar asuba, ko zai yi sammakon zuwa mayanka a Oko-Oba, sai ya ja ƙofa ya danna kwaɗo, iyali na ciki suna barci, wai kada ya tashe su. Uwa za ta leƙa kasuwa ko gidan suna, sai ta kulle yara a ɗaki, wai yanzu za ta dawo, ga maganin sauro a kunne, ko kaskon turaren wuta a ƙarƙashin kaya. Mai shago zai bar yaronsa ya kwana a ciki don gadi, ya rufe shi da kwaɗo uku ya tafi gida da makulli. Waɗanda suka daɗe a garin nan za su tuna Satumbar 2002, lokacin da wata masana'antar roba ta kama wuta cikin dare a Odogunyan ta Ikorodu. Ma'aikata masu yawan gaske suka mutu, kuma rahotanni suka ce ƙofofi a kulle suke. Duk muka yi Allah wadai da masu kamfanin. To mene ne bambancinsa da abin da muke yi a gidajenmu? Don Allah, ƙofar da akwai mai rai a bayanta, na ciki shi zai rufe ta. In ya zama dole a kulle daga waje, to a bar wa na ciki makullinsa, ko taga mai buɗewa. Yaron da bai isa buɗe ƙofa ba kuwa, bai isa a bar shi shi kaɗai ba, a kai shi wurin maƙwabciya.

Haka babbar ƙofar gida. Makulli ɗaya a hannun mutum ɗaya bai wadatar ba. Kowane ɗaki ya yanki nasa, a rataye shi kusa da ƙofa, wuri ɗaya kullum, yadda ko makaho zai lalubo shi. Tocila ma ta sami mazauninta kusa da shi, kada a dogara da ta waya, domin waya ba ta kwana wuri ɗaya.

Faseji kuma ba sito ba ne. Mu 'yan kasuwa ne, na sani, ɗaki ya yi kaɗan. Amma ka shiga wani gidan ka ga buhunan albasa, kwandunan goro, babur, risho, tukunyar gas, janareta da jarkarsa, duk a hanyar da mutum arba'in za su bi su fita. Da rana ma sai ka karkace kake wucewa. Fetur dai ko kwalba ɗaya kada ya kwana a faseji ko ƙarƙashin matakala, a nema masa wuri a waje. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba, a irin gidajen nan sau da yawa bangon da ya raba ɗaki da ɗaki iyakarsa silin, daga nan zuwa kwano fili ne ɗaya tun daga gaba har baya. Wuta takan hau can ta bi katako, ta sauko a ɗakin da ke nesa da inda ta fara. Saboda haka kada ka tsaya kana cewa ai da saura, ɗaki huɗu ne tsakaninmu. Tana bisa kanka.

Idan mun gyara ƙofa da taga, saura mutane. A zauna da iyali a raba aiki tun yanzu. Wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun Kaka, wa zai tashi yaran da ke ɗaya ɗakin. A ambaci suna, domin abin da aka bar wa kowa, ba wanda zai yi shi. Uba zai zaci uwa ta ɗauko, uwa ta zaci yayarsa ta ɗauko. Kuma a sa na biyu, tun da maigida ba kullum yake kwana a gari ba. Tsoho ko mara lafiya, in da hali, a ba shi ɗakin da ya fi kusa da ƙofa, a ƙasa, ba a sama ba. Yara ƙanana kuwa, ɗabi'arsu idan sun tsorata su ɓuya, a ƙarƙashin gado ko bayan kaya, musamman in su suka yi wasa da ashanar. A faɗa musu tun yanzu, ko kai ka tada wutar, fito ka yi ihu, ba mai dukanka.

Ga wani abu da ya keɓanta da mu. Gidan Bahaushe a kurmi ba ya rabuwa da baƙi. Yau ɗan ci-rani ya sauka, gobe direban da ya kawo shanu, jibi mara lafiyar da aka kawo asibiti. Baƙo bai san gidan ba, bai san akwai ƙofar baya ba. Kamar yadda kake nuna masa alƙibla da bayan gida, haka za ka nuna masa mafita da inda makulli yake. Kuma kai maigida, ka san mutum nawa suka kwana ƙarƙashin rufinka a daren nan, har da na zaure da na baranda. In ba ka san adadinsu ba, yaya za ka san an fito duka?

Iyayenmu mata, ku gafarce ni, zan faɗi wata magana a gaban malamai, in na yi kuskure su gyara mini. Na ga matar da ta kai bakin ƙofa ta juya neman hijabi. Na ji labarin wadda ta tsaya jiran izinin miji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki fito yadda kike, zanen gado ma sutura ne, kuma maƙwabta za su rufe ki a waje. Ku kuma mazaje, ku ba da wannan izini yau da bakinku, idan kun koma gida, don kada ya zama abin shakka ranar da ba ku nan.

Yadda ake fitar kuwa, hayaƙi sama yake tashi, iska mai kyau tana ƙasa. A durƙusa a yi rarrafe, a bi jikin bango. Kafin ka buɗe ƙofa ka taɓa ta da bayan hannu, in da zafi kada ka buɗe, nufi taga. In ka fita, ja ƙofar ta rufu a bayanka, ba da makulli ba, domin rufaffiyar ƙofa tana tare hayaƙi, tana kuma hana wutar samun iska. Shi ya sa ma kwana da ƙofar ɗaki a rufe ya fi, ko da ana zafi. Kana fita kana dukan ƙofofin maƙwabta.

Sa'an nan kowane gida ya zaɓi wuri ɗaya da za a haɗu a waje, ƙofar masallacin layi, ko gindin wata bishiya, ko teburin mai shayi. Wuri ɗaya tak, ƙaramin yaro ma ya san shi. Mun ga abin da watsuwa ke yi ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe. Kowa ya gudu inda fuskarsa ta kalla, fiye da mutum 1,000 suka mutu, da yawansu a ruwan Oke-Afa, kuma iyaye suka yi kwanaki suna neman 'ya'yansu. Wancan babban bala'i ne, amma a gobarar gida ma haka abin yake faruwa. Yaro ya fita ta baya ya tsaya cikin 'yan kallo, uwa ba ta gan shi ba, sai ta koma cikin wuta nemansa. Shi yana raye, ita ta tafi. In an haɗu wuri ɗaya aka ƙirga, sai a san wa ya rage da kuma ɗakin da yake, a faɗa wa 'yan kwana-kwana.

Wanda ya fito kuma ya fito ke nan, babu komawa. Nan ne mu 'yan kasuwa muke faɗuwa. Kuɗin ciniki na ƙarƙashin katifa, kuɗin adashi na hannun uwar adashi, takardar fili, gwal ɗin Hajiya, kayan auren yarinya. Ina jin zafin abin, ni ma da gumi na tara nawa. Amma maganinsa tun yau ake yi. Kuɗi mai yawa kada ya kwana a ɗaki, a kai banki. Takardu a ɗauki hotonsu a waya a aika wa wani ɗan'uwa, a kai kwafi gida Arewa. Na ainihin a haɗa su a jaka ɗaya kusa da ƙofa, in hannu ya kai a kan hanyar fita, to, in bai kai ba a bar su.

Kiran 'yan kwana-kwana daga waje ake yi, bayan an fito. A jihar Legas lambobin su ne 112 da 767, kyauta ne, ko babu kuɗi a waya. Kuma a kira nan take. Al'adarmu sai mun gama fama da bokiti wutar ta fi ƙarfinmu, sa'an nan a kira, in sun zo kuma a jefe su da duwatsu wai sun makara. Amma ga inda gizo ke saƙar. Wanda zai ɗauki wayar Turanci zai yi maka, ko Yarabanci, ko buroka. Amaryar da aka kawo daga gida wata uku da suka wuce, ko sunan layin ba ta sani ba. A rubuta lambar gida da sunan layi da tashar motar da ta fi kusa, da manyan baƙaƙe, a manna a bango kusa da ƙofa, a kuma sa yara 'yan makaranta su haddace. A koya wa kowa kalmar da maƙwabta za su gane. Da Yarabanci wuta ita ce "ina", 'yan kwana-kwana kuma "panapana". An ce wani sabon zuwa ya ji maƙwabcinsa na ihu "Ina! Ina!" sai ya leƙo yana cewa, "Ai ni ma ban sani ba, ina ne?" To kada mu zama shi.

Get ɗin layi ma abin dubawa ne. Gwamnatin jiha ta sha nanata cewa kada a rufe get kafin ƙarfe 12 na dare, kuma in an rufe a bar mai gadi a wurin da makulli. Masu gadin nan da yawansu yaranmu ne. Mu ja musu kunne, makulli kada ya kwana a gidan wani shugaban layi, motar ruwa tana tsaye a waje.

To idan an tare ka fa, ƙofa zafi, taga ba ta buɗewa? Rufe ƙofar, jiƙa zane ko tawul ka toshe ƙarƙashinta, ku taru a bakin taga kuna ihu kuna haska tocila. Kada a shige bayan gida ko can ƙurya inda ba mai ganinku. Wanda ke hawa na ɗaya na bene, in babu makawa sai ta taga, kada ya yi tsalle daga tsaye. A jefa katifa ƙasa, babba ɗaya ya riƙe bakin tagar ya saki jikinsa har hannu ya miƙe, sa'an nan ya saki, shi zai karɓi yara. Daga hawa na biyu zuwa sama kuwa, jiran tsani ya fi. In tufafi suka kama, gudu hura wutar yake yi. A kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe mutum da bargo. Wurin da ya ƙone a riƙa kwarara masa ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki. Daga nan sai asibiti, kuma akwai sashen masu ƙuna a Gbagada da Igbobi.

Duk wannan shiri, sai mutum ya farka zai yi amfani. Akwai wata 'yar na'ura kamar faifai, mai batir, ana liƙa ta a silin, da ta ji hayaƙi sai ta ɗau ƙara. Ana samunta wurin masu kayan lantarki. A sa ɗaya a faseji, ɗaya a ɗakin kwana, amma ba a kicin ba, don za ta dame ku har ku cire batirin. Duk wata a danna maɓallinta a ji ko tana aiki, bayan shekara 10 a sake sabuwa. 'Yan haya goma in suka yi karo-karo, ba wanda zai ji a jikinsa. Sai dai yara ƙanana sukan yi barcinsu ko tana kuka, dole babba ya je ya tashe su.

Daga nan sai gwaji. A gidana muna yi sau biyu a shekara, gab da hunturu da kuma gab da azumi, saboda girkin sahur. Nakan sanar da maƙwabta tukuna don kada a firgita. Bayan isha a kashe fitilu, kowa ya kwanta a wurinsa, in buga faranti, jikana ya riƙe waya yana duba lokaci. Ranar farko abin kunya ne, mun wuce minti shida. Makullin taga ba ya kan ƙusa, ashe an ɗauka an buɗe wani akwati da shi, ni kaina na yi karo da bokiti na zube. Maƙwabta suka yi ta dariya suna cewa Baba ya fara wasan yara. Yanzu ba mu kai minti biyu. Wani lokaci nakan tsaya a bakin ƙofa in ce nan wuta ce, kowa ya nemi ta biyu.

Wani abokina ya ce mini, Malam, wannan ai kiran bala'i ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Na ce masa haka ne, amma me ya sa ka sa kwaɗo uku a shagonka? Ko ɓarawo ba ya cikin ƙaddara? Malamai ga su nan zaune, su suka karantar da mu cewa tun zamanin Manzon Allah (S.A.W.) wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, aka hori jama'a su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Ya yi shiru. Bayan mako guda ya aiko yaronsa a auna masa taga.

Na ga shugaba yana duban agogo. Mun yi magana da shi, ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar ni da yarana biyu za mu fara zagaya gidaje, mu duba tagogi da ƙofofin baya. Dubawa kyauta ce. Wanda ke son a yi masa ƙyauren taga ya sayi ƙarfe da hinji, kuɗin hannu kuma na yafe wa gwauraye mata da gidajen marayu. Sauran masu walda da ke nan, ina roƙon ku shigo mu yi tare, ni kaɗai ba zan iya ba. Mai so ya ba sakatare sunansa da lambar gidansa kafin a tashi, za mu fara da gidajen da ke da ƙofa ɗaya.